Alƙalamin da Bai San Kurtu Ba

Da kwasar adashen Inna na saye shi,
na hannu ne, kusurwa guda ta tsage.
Mai shagon ya yi ta rantsuwa har gumi ya keto masa,
kafin ya rage mini dubu biyu.

Allo ne, amma ba a wanke shi.
Alƙalami ne, amma bai san bakin kurtu ba.

Da sassafe bas ke kwasarmu,
mu haye gadar Kwalkwalawa a matse,
Rima na kwance abinta, ba ta da jarrabawa,
ni ina rungume da jaka kamar mai ɗauke da ƙwai.

Dakta Marafa ba ya jiran kowa.
Magana na zuba kamar an huda buhun gero,
ina tsinta da tsinken roba:
tumbin akuya, ɗaki huɗu,
na farko da ja, na biyu da shuɗi,
na uku ya karkace,
na taɓa shi da yatsa, ya tafi ba sallama.
Rumasa'u na gefena tana gurzar nata kuskuren
har takarda ta yi taga.

Kada in cika baki.
Ranar da zafi ya kai zafi
allon kan ɗau wuta kamar tandar masa,
caji na tsiyaya ina kallo,
soket ɗaya a bangon aji, mu goma sha a layi.
Na taɓa rasa rabin darasin hanta,
sai wurin Rumasa'u na roƙo.
Ta ba ni, ta haɗa mini da dariya.

Baba baduku ne a Madunka.
Ya auna allon da taƙi, bai ce komai ba,
kwana uku ya miƙo mini riga ta jar fata,
har da ɗan kube na alƙalami.
Akuyar da nake karantawa ciki
ita ce ta lulluɓe shi a waje.

Ya ce, Kulu, wanga abu naki, ina sawu nai?
Ni basillata in ta huda ta huda,
ko na yi kuka ramin na nan.
Rubutun da ba ya barin tabo,
ƙaƙa za shi zamna ga kai?

Na ba shi ya gwada.
Hannun da ya saba da kirgi
ya danne gilashi har gabana ya faɗi.
Ya ja sunansa da ajami, daga dama,
baƙi ɗaya ya yi ƙiba, ɗaya ya rame,
wasali ya gangaro ƙasan layi.
Ya duba, ya ture: shahe shi, ya yi muni.

Na ce to.

Ranar jarrabawa a bakin ƙofa muka bar allunan,
aka ba mu takarda da biro kamar kowa.
Sai ga hannuna ya san hanya,
ɗaki huɗu, bai ɓata ba.
Na so in gaya masa sawun na nan,
cikin yatsu ya kwana.

Shafi na ɗari da bakwai,
tsakanin tumbi da hanta,
sunan Baba na zaune a karkace.
Caji saura uku.
Bari in ƙara dubawa kafin ya mutu.