Ogun Bayan Marka

Kwana huɗu sama ba ta rufe baki ba.
Albasa ta fara tsiro cikin buhu a Mil Tuwal,
Agiliti ta naɗe wando har gwiwa,
sai ga Jazuli a ƙofar rumfa, jiƙe sharkaf, yana washe haƙora:
"Ogun ya cika ya batse. Rufe rumfar nan."

Na rufe.

Mu huɗu ne.
Jazuli mai gyaran janareta,
Sewanu ɗan Egun da aka yanke wa cibi a kan ruwa,
Lurwanu da ba ya shiru sai in ya ta da kabbara,
sai ni, ɗan Gumel,
inda nake auna ruwa da tsawon igiyar guga.

Jiragen roba ne na haya, kowa da nasa,
matsattsu kamar ɓawon gyaɗa.
Filafili mai baki biyu, hular kwano,
rigar ceto mai warin gumin wani.
Sewanu ya ɗaure mini tawa har numfashi ya nemi hanya,
ya ce da Hausarsa ta kasuwa:
"In ka faɗa ciki, kar ka yi faɗa.
Ruwa ba ya son gardama."

Muka tura daga Isheri.

Ruwan launin kunun kanwa,
yana tafe da kayan mutane bai tambayi kowa ba:
silifa wari guda, jarka, kututturen ayaba, murfin tukunya,
da tsibirin kainuwa, balbela tsaye a kai
kamar ta biya kuɗin mota.

A ƙarƙashin gada kogin ya tuna ko shi wane ne.
Ginshiƙai suka matse shi, ya harzuƙa, ya yi tozo, ya tofar da kumfa.
Sama tireloli na ruri,
ƙasa shi ma yana nasa.
Sewanu ya ratsa kamar zare a kafar allura.
Jazuli ya bi, yana ihu.
Lurwanu ya shiga da baya, yana zagin jirgin da wanda ya ƙera shi.
Ni kuwa na ga ginshiƙi, na kafa masa ido,
abin da aka ce kar in yi ke nan,
sai ya taho.

Duniya ta kife.

Ashe Legas tana da wurin da babu hon.
Sanyi, duhu ja-ja, yashi tsakanin haƙora.
Ban tuna wani babban abu ba.
Na tuna buhu uku da nake bin Mama Risi,
na tuna ban gaya wa kowa inda na ajiye makulli ba.
Hannuna na son dambe.
Na hana shi.
Na zame daga jirgin kamar yadda ake cire ƙafa daga safa,
rigar mai warin wani ta ɗaga ni sama,
sai hancin jirgin Sewanu a gaban fuskata.
"Riƙe," ya ce. Bai ƙara ba.

Lurwanu ne ya yi shiru.
Har muka fita gaɓa wajen masu haƙar yashi
bai ce uffan ba,
sai da ya ga ƙafata ɗaya ba takalmi,
ya fashe da dariyar da ta yi kama da kuka,
ya ce kogin ma ya san na gwanjo ne, shi ya sa ya ɗauki ɗaya.

Wata mata mai suyar kifi ta kalle mu,
ta faɗi wani abu da Yarbanci,
Sewanu ya ƙi fassarawa.
Muka ci da hannu mai rawa, barkono na kona leɓe,
ruwa na ɗiga daga kunnena, ɗumi-ɗumi.

Da dare Inna ta kira daga gida.
Gero na neman ruwa, in ji ta, sama ta yi musu rowa.
"Ku fa, an yi a can?"
Na dubi tafina da filafili ya sale.
Na ce, "An yi, Inna.
An ɗan taɓa."