Kafin Alƙalami

Zauna, Issaka. Ja waccan kujerar,
wannan ƙafarta ɗaya aro ce.
Ka ce in ba ka kafin alƙalami.
To ina alƙalamin? Shi za mu fara kafawa.
Fuseina, yago mana falle biyu
daga tsakiyar littafinki na lissafi.

Kar ka haɗe min gira.
Na san ka tun kana tura baro a Alabar,
da uwarka muke sarin albasa.
Amma shekara biyu ke nan na sayi baki,
bakin Seidu, mai zaƙi kamar alewa.
Ya kware min rufi ran Talata,
ya lunƙume sidi dubu takwas,
ya ce bari ya leƙa Kejetia ya sayo ƙusa.
Har yau ƙusar tana hanya.
Damina biyu na kwana da robobi bakwai a ɗaki,
kowace da irin kukanta.

Rubuta, yarinya. Sunansa cikakke,
ba Oga ba, ba Masta ba,
wanda ke kan katinsa, da inda yake kwana.
Sa lambar gidan nan na Aboabo,
gidan da ubana ya gina da kuɗin goro.

Sa aikin da sunansa:
rufin ɗaki uku, daɓen zaure,
bangon makewayi da ya yi ciki,
da kwatar da ke kawo mana ziyara in an yi ruwa.
Kalmar "da sauransu" kar ta shigo min takarda,
a cikinta ɓera ke haihuwa.

Siminti buhu nawa? Faɗi, ta rubuta.
Kwano mai kauri, ba wanda ɗanwake zai huda ba.
Katako busasshe, wanda ya sha magani,
ban tara kuɗi don in yi wa gara walima ba.
Kowane saye da rasit,
abin da ya yi saura kuma nawa ne,
ko da rabin bulo.

Kuɗi kashi uku.
Na fari yau, na biyu in kwano ya hau,
na uku sai sama ta yi shaida:
ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya,
in kwana, in tashi, katifata a bushe.
In ya ɗiga kafin shekara ta zagayo,
tsaninka, guminka, aljihunka.

Ranar farawa, ranar gamawa, da lamba.
"In Allah ya yarda" na bakinmu duka,
amma a sa kwanan wata a gefensa.
Kowane mako da ya ɗoru, a zabge wani abu.
Takardar izini wa zai nemo?
Ba na son in wayi gari
'yan hukuma sun yi min jan rubutu a bango.
Lebura in ya faɗo, wa ke da asibiti?
Ɓaraguzai wa zai kwashe?
Maƙwabciyata Maame Adwoa ba ta da haƙurin tsakuwa.

Me ka ce?
A'a, faɗi, takardar ta mu biyu ce.

Ka ji shi, Fuseina. Wai a rubuta:
in ƙanena ya bugo daga Italiya
ya ce a ƙara taga, a sauya tayil,
sabon ciniki ne, sabon sa hannu.
In kuma ni na makara da biya,
kar a ɗora masa laifin kwanaki.
Gaskiyarsa. Sa.

Wake da shinkafa kullum da azahar?
Da ƙwai?
Issaka, ka ji tsoron Allah.
Sa masa. Ban da ƙwan.

Kira Liman Tanko, kira Maame Adwoa,
shaida biyu, yare biyu.
Ɗaya taka, ɗaya tawa, a ƙasan akwati.
Wanda ya ci ladan kuturu ya san sauran.

Miƙo tawadar.
Babban yatsan nan ya ƙirga kuɗin koko shekara talatin,
yau ne zai fara magana.