Kwalba Casa'in da Bakwai

Agusta ta durƙusa a kan Sarno kamar maƙeri a bakin wuta.
Dutsen Vesuvio ya yi gum, ya ja hular gajimare.
Ƙasar da ya yi wa ɓarin toka tun zamanin kakanni
ita ta haifa mana jan nan mai dogon wuya.

Ni Saverio, shekara arba'in ina sauya wa jirgin ƙasa hanya,
ban taɓa juya tukunya ba.
Wannan aikin Nunziata ne, ni nawa faskare da surutu.
Bana kujerarta na jingine da bango, ƙafa ɗaya ta gaza ƙasa,
an rasa mai ƙarfin halin gyara ta.

Likita ya naɗe min dantse, ya matsa, ya saki,
ya dubi allura, ya dube ni.
Jini ya hau, in ji shi. Rage gishiri, taka da safe.
Me kake ci tun da ta tafi?
Na ce burodi.
Ya ce da me?
Na ce da burodi.

Sai ga Ilenia, jikata, daga makarantar jinya ta Salerno,
akwati goma sha biyu a bayan motar aro.
Ta ce, Kaka, tashi, tumatir ba ya jiran mai makoki.

Muka wanke, muka tsaga, muka ware masu tabo.
Ruwan ya laluɓo yankan da ke babban yatsana,
ya yi min zafin da na tuna ina da rai.
Tana murza injin hannu tana ja min baƙi:
wai jan nan ba kwalliya ba ne,
mai gadi ne, yana kore wa jijiya tsatsa.
Wai wuta ba ta kashe shi, ƙofa take buɗe masa,
man zaitun ya kama hannunsa ya raka shi cikin jini.
Ɗanyensa kuwa, da ruwansa da ɗan tsaminsa,
na dasashi ne, na fata, na ciki mai taurin kai,
kuma akwai wani gishiri ɓoye a naman
da ba ya zuga jini, lallashinsa yake.

Na yi dariya, ta farko tun Fabrairu.
Nunziata ba ta gama aji uku ba,
amma in na ture kwano sai ta turo shi baya:
Ci ja, tsoho, zuciya launinta take nema.

Ilenia ta ɗaga ludayi ta nuna ni:
Abinci ne fa, kar ka yar da ƙwayoyinka,
in ƙwannafi ya taso da dare, ka sassauta.
Na ce to, malama.

Ganyen ɗoɗɗoya ɗaya a kowace kwalba.
Muka naɗe su da tsofaffin barguna, muka jera a duro,
ruwa ya yi ta gunaguni har inuwar ɓaure ta kai katanga.
Casa'in da shida. Biyu sun fashe, ban sa su a lissafi ba.

Da almuru na sauka ɗakin ƙasa neman wurin ajiya.
Can bayan tulun mai, kwalba ɗaya, ta bara,
da 'yar takarda manne,
rubutunta mai karkata kamar mai hawan tudu da kaya:
Na Saverio. Babu gishiri.

Ashe ta riga likita.
Ashe duk salaf ɗin da na yi ta mita a kansa
hannunta ne a kan ƙirjina, ban sani ba.

Na daɗe a matakala, sanyin kwalbar a tafina.
Ilenia ta kira sau biyu, na uku ta yi shiru.

Daren nan muka dafa taliya, muka juye ta duka.
Ban nemi gishiri ba.
Na suɗe kwano da ɓawon burodi har ya yi ƙyalli,
sannan na ɗauki murfin kwalbar,
na cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar kujera,
na gwada, ta daina rawa,
na ce wa yarinyar, zauna nan.