Mai Gyaran Sikeli na Fagge

Zalman sunansa, bakin Fagge ya lanƙwasa shi
ya koma Salmanu, shi kuwa ya amsa.
Shago ɗaki guda, bayan masu ƙirgi,
benci mai ƙafa uku, bulo ne ta huɗu.
Nan ubana ya kai ni ina ɗan sha uku:
"Kansa ya ƙi boko, Bayahude,
duba ko hannunsa zai yarda."

Sikelin gyaɗa, sikelin auduga,
na 'yan gwal mai harshe kamar tsinke,
duk wanda ya fara ƙarya, nan ake kawo shi.
Ya kwance, ya goge, ya hura, ya kasa kunne,
ya ɗora dutsen awo, ya ɗauke numfashi
har allura ta daina rawa.

Wata bazara zafi ya sa ya naɗe hannun riga,
na ga lambobi shuɗaye a fatarsa.
Na ce, "Maigida, bashin wa ka rubuta a jiki?"
Ya ce, "Na waɗanda suka ƙirga mu kamar buhuna."
Ya miƙo min tsumma. Zance ya ƙare.

A gutsure na tsinci sauran, cikin shekara bakwai:
tarago marar taga, waya mai ƙaya,
hayaƙin da ba na girki ba.
Uwa, uba, da ƙanwa mai suna Perla
da ba ta gama famfara ba.
Ran da aka ɓalle ƙofar sansanin, aka auna shi:
kilo talatin da ɗaya, saurayi ɗan sha tara.
"Ko rabin buhu ban kai ba," in ji shi, yana dariya.
Ni dariyar ta ƙi zuwa.

Bai taɓa kaɗe ɓurɓushi ƙasa ba.
Gutsuren gurasa kullum a aljihun hagu,
yakan taɓa shi kamar mai duba makulli.

Wani dillali ya zo da rawani da damin kuɗi:
"A ɗan kwantar min da allurar, kaɗan, ba mai gani."
Tsohon ya dube shi ta saman tabarau.
"Na san nauyin loma ɗaya a cikin mai yunwa.
Ɗauki kayanka, Alhaji, rana na yi."

In ladan ya kira ran Juma'a, shi ke kora ta:
"Tashi, Tasi'u, ƙarfe ba ya gudu."
Da magariba ya kunna kyandir biyu,
ya yi magana da su cikin harshen da ba mai amsa masa.
Asabar kwaɗo a ƙofa, ko gwamna ne ya jira Lahadi.

Tamanin ta zo, ido ya dushe, hannu ya kama rawa,
bai fasa fitowa ba.
Ya zauna bakin ƙofa, a ɗora masa dutse a tafi,
ya ce, "Wannan ya ci ƙasa, a goge shi,"
a duba, haka ne.

Da damina ya tafi, ran Talata, ana yayyafi.
Ba ɗa, ba jika.
Mahauta suka zo, da masu hatsi, da Gambo mai ƙosai,
har dillalin nan, yana dogara sanda.
Ba wanda ya san addu'ar da ta dace,
muka tsaya kawai, ruwa na jiƙa mu.

Ya bar min duwatsun tagulla goma sha biyu a akwatin katako.
Yau sikeli na ci da batir, yana ƙyafta jan ido,
amma shi ma yakan yi ƙarya, su kawo.
Yara tara na yaye a bencin nan,
biyu a Dawanau, ɗaya can Maraɗi.

Jiya uwargida na shirin wanki, ta zazzage rigata,
ta ce, "Malam, wai kai da gurasa a aljihu,
yunwa ake a gidan nan?"