Haƙora Talatin da Huɗu

Wata bakwai firam na rataye a falo,
baƙi wuluk, ba nauyi, sai ka ce ƙashin tsuntsu.
Ba sarƙa, ba birki, ba giya,
ƙwarangwal ne mai jiran jijiya.
Asabe kan jefa mayafinta a kansa,
wai ko banza ya biya kuɗin haya.

Ran Lahadi da yamma na gangara Bukuru,
shagon Dalyop, inda ƙasa ta sha baƙin mai ta ƙoshi.
Ya goge hannu a wando,
ya jera mini kwali uku a kan benci.

Na farko ɗan Japan, ba kebul, sai batir.
Ka taɓa shi da ɗan yatsa, sarƙa ta haura
kamar kyanwa ta ɗare katanga.
Na ce, to ran da wuta ta kwana shida
ba ta leƙo Rikkos ba fa?
Sai in kai keke wurin mai cajin waya,
ya yi layi tsakanin tocila da rediyo?

Na biyu daga Italiya, ƙarfe ya sha gyara
har kana ganin furfurarka a jikinsa.
Na daɗe ina shafa shi, ban ce komai ba.
Dalyop ya ce, shafa da kyau,
amma ran da kusa ɗaya ta faɗi a hanyar Miango
daga nan har Legas ba mai ƙanwarta.

Na ukun na kebul ne, tsohon yayi,
sai ka ja shi da hannu ya amsa.
Ya fi 'yan'uwansa nauyi da giram ɗari uku.
Na lissafa a bayan rasit:
giram ɗari ukun nan miliyan ɗaya da rabi,
kafin dala ta sake tashi daga barci,
kafin 'yan kwastan su ce ina kwana.

Dalyop bai dubi rasit ba, tumbina ya duba.
Malam Tanimu, in ji shi,
giram ɗari ukun na nan ƙarƙashin rigarka,
da su da ƙannensu.
Ka bar wa mai tsiren Farin Gada kayansa wata biyu,
ka ga sauƙin da ba a sayarwa a kwali.

Yaran shago suka sunkuya suna neman sifana.

Saura faifan baya.
Samarin Rayfield ishirin da takwas suke hawa,
ƙanƙane, tsaf, abin nunawa.
Na miƙa hannu zan ɗauka
sai gwiwata ta hagu ta yi gyaran murya.
Shekara hamsin da biyu muna tare,
ba ta taɓa roƙona komai ba
sai yau.
Na ce, ba ni mai talatin da huɗu,
wannan mai faɗin faranti.

Kwana tara ya ɗauka yana ɗauri,
yana jin sarƙa da kunne kamar mai gwajin jini.

Da asuba na ɗauki hanyar Vom,
sanyi na cizon yatsu, duwatsu na ɗauke da juna.
Da hawa ya yi hawa na ja kebul,
sarƙa ta taka haƙori bayan haƙori
ta zauna kan babban, ba ko tari.
Ba abin da nake ji sai numfashina.

Nan wani dattijo ya zo ta gefe
kan baƙin keke mai giya ɗaya,
buhun kabeji a baya, silifas a feda.
Ya dubi kekena daga sama har ƙasa,
ya ce, kai, wannan ya yi kyau,
ya wuce.

Ban cim masa ba.
Amma ban sauka na tura ba.