Inda Buzuzu Ya Dawo

Karsana uku kakana Hammajoda ya bayar
ya karɓi wannan fili a yamma da Kumo.
Aka ce ya sayi rami.
Ba su yi ƙarya ba:
kwazazzabo ya tsaga shi biyu,
ƙasa ja wur kamar an feɗe sa,
ko tumfafiya sai ta yi shawara kafin ta tsiro.

Bai tanka ba.
Ya jera duwatsu a hanyar ruwa,
ya dasa jema a bayansu,
ya kwantar da shanu a kan faƙo,
wata biyu nan, wata biyu can,
yana matsar da turke kamar mai buga dara.
Shanun suka ci 'ya'yan gawo a wani dajin
suka kawo su nan a cikinsu.

A damina ta bakwai
kakata Dudu ta ga buzuzu yana mirgina kayansa.
Ta ajiye ƙwarya ta kira mijinta.
Ran nan har almuru ana rabon fura sadaka,
baƙi na tambaya wa aka haifa.

Zamanin babana Bappayo aka kawo takin zamani.
Ya karɓi buhu guda, don kunyar malamin gona.
Yana nan a zaure har yau,
ya daskare, a kansa muke zama mu cire takalmi.
Tsutsa in ta zo, toka ce da ruwan darbejiya.
Wata shekara su isa, wata shekara mu yi asara.

Shi ma ya taɓa kuskure.
Shekarar da nono ya yi tsada
ya bar garke a shingen gabas har ciyawa ta ƙare,
ruwan farko ya buɗe tsohon miki.
Na gan shi tsaye a bakin ramin, hula a hannu.
Shekara huɗu muna ɗaukar dutse a ka.

Da ya rasu, mu tara ne.
Shanu sun rabu ba gardama.
Ƙasa ce ta ƙi.
Yayana Manga ya zo da mai awo da jan fenti,
ya ce gari ya iso, fuloti ya fi saniya.
Muka sayar da bijimai sha ɗaya muka biya shi rabonsa.
Damina biyu bai gaishe ni ba.
Yanzu yakan aiko ƙaramarsa da galan, ba saƙo,
ni ma in cika mata, ba saƙo.

Da asuba nakan zaga shinge.
Belbela na bin sawun Ɗanwake, tsohon sanmu.
Nakan tsuguna in tura yatsa cikin ƙasa
in ji sanyi, in ga tana ta noƙe.
Ban san ko 'ya'yana za su zauna ba.
Na dai matsar da turke jiya,
shingen gabas zai huta har kaka.