Baƙi Uku a Kaina

Shekara biyu ina ɗaure goshi da ƙyallen atamfa.
Keken ɗinkina a Tudun Wada ya yi shiru,
allurar ta koma cikin kaina.
Inna Kuluwa ta ce sammu ne, aka yi hayaƙi,
har ranar da na faɗi ina shure-shure
gaban mai karɓar ɗinki.

A Shika likita ya ɗaga hoto wajen haske:
ɗigo uku, kamar gero a faifai.
“'Ya'yan tsila ne.”
Na ce ko hanya ban haɗa da alade ba.
Ya ce, “Latas fa? Hannun wa? Wane ruwa?”

Yanzu ina haɗiyar magani, ina ƙirga kwanaki.
Jiya na zura zare a allura
tashi ɗaya.